Tambaya da Amsa: Wane Karatu Ne Ke Kai Mutum Binciken Magungunan Nano da Na'urorin Asibiti?

Wasiƙu uku ne suka zo wannan fili daga cikin birnin Kano a kan magana kusan iri ɗaya, don haka na haɗa su wuri guda, na kuma taƙaita su ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. 'Yata ta fari tana ajin ƙarshe a sakandaren kimiyya, kuma tun ranar da wani malaminsu ya yi musu bayani a kan abin da ake kira likitancin nano ta kafe a kan shi za ta karanta, alhali mahaifinta ba shi da burin da ya wuce ya ga ta zama likita. Ni ban yi zurfi a boko ba, ga shi lokacin cike fom ɗin JAMB ya gabato. Mene ne wannan ilimi, a wace jami'a ake yin sa, kuma idan ta gama akwai aikin yi a ƙasar nan, ko sai ta tafi ta bar mu? Daga wata uwa, Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana ita ya yi mata albarka. Abin da 'yarki take magana a kai kin sha ganin sa da idonki. Duk ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi aka kai shi kemis ko asibitin sha-ka-tafi, aka soki ɗan yatsansa aka ɗiga jini a farar robar nan ta gwajin maleriya, aka ƙara ɗigon ruwan gwaji aka ce a jira minti 15 zuwa 20, to jan layin da yake fitowa a yawancin irin waɗannan robobi zinare ne. An sarrafa zinaren ne ya zama ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da gaske, har ya bar launinsa da muka sani ya koma ja, sannan aka liƙa wa kowace ƙwaya wani sinadari mai gane furotin ɗin da ƙwayar cutar maleriya take saki a cikin jini. Idan cutar tana nan sai su kama juna, su bi takardar da ke cikin robar su taru a wuri guda, layi ya bayyana.

Kalmar nano ma'auni ce ta ƙanƙanta. Idan aka ɗauki milimita ɗaya, wato ƙaramar tazarar nan da ke jikin rular 'yan makaranta, aka raba ta gida miliyan ɗaya, kowane gida shi ne nanomita. Kaurin silin gashin mutum ya kai wajen nanomita 80,000, jar ƙwayar jini wajen 7,000, ita kuwa ƙwayar zinaren da na ambata ba ta cika wuce 40 ba. A wannan ƙanƙanta abubuwa sukan sauya hali, kuma masu wannan ilimi suna amfani da sauyin ne wajen gano cuta ko wajen kai magani inda ake son ya je a cikin jiki. Akwai wani maganin ciwon daji mai suna doxorubicin wanda yake da ƙarfi amma yana yi wa zuciya illa. Masana suka naɗe shi a cikin 'yan kumfunan mai masu faɗin nanomita 100 ko ƙasa da haka, illar ta ragu, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1995 da sunan Doxil. Allurar rigakafin korona ta Pfizer da ta Moderna da aka fara yi a ƙarshen 2020 su ma a cikin irin waɗannan ƙwayoyin mai aka ɓoye saƙon da suke ɗauke da shi mai koya wa jiki yaƙar cutar, domin in ba haka ba jiki zai narkar da shi kafin ya isa ko'ina.

Sai dai ina so yarinyar ta ji ɗaya ɓangaren tun yanzu. A 2016 wasu masana na Jami'ar Toronto da ke Kanada suka bi diddigin gwaje-gwajen shekara goma da aka yi a kan dabbobi, suka tarar cewa a tsaka-tsakin lissafi kashi 0.7 cikin 100 kacal na ƙwayoyin da aka yi allurarsu ne suke isa ga kumburin dajin, saura hanta da saifa ne suke tace mafi yawansu. Wannan ya nuna aikin yana da sauran tafiya mai nisa, kuma wanda zai shige shi sai mai haƙurin maimaita gwaji ɗaya sau hamsin ba tare da ya gaji ba.

Game da inda ake karanta shi, shawarata ita ce kada ta ɓata lokaci tana neman kwas mai wannan suna a matakin digirin farko. Reshe ne da ake hawa a digiri na biyu da na uku, bayan mutum ya kafu a wani tushe, kuma daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Robert Langer na jami'ar MIT a Amurka, wanda yana cikin iyayen wannan fanni, injiniyan sinadarai ne da ya shiga ɗakin binciken wani likitan fiɗa a asibitin yara na Boston a 1974. Katalin Karikó, 'yar ƙasar Hungari da ta sami lambar Nobel a 2023 tare da Drew Weissman, masaniyar sinadaran jiki ce, kuma har rage mata muƙami aka yi a jami'arta a 1995 saboda bincikenta ya kasa jawo kuɗin tallafi. Pieter Cullis na Kanada, wanda ɗakin bincikensa ya yi fice a kan ƙwayoyin man nan, da fizis ya fara. A nan gida Farfesa Anthony Attama na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka masanin harhaɗa magunguna ne, Farfesa Wole Soboyejo kuwa, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja kuma ya daɗe yana bincike a kan amfani da ƙwayoyin nano wajen gano kansar mama, injiniya ne.

Saboda haka ƙofofin da ke gabanta su ne harhaɗa magunguna, ko kemistiri, ko kimiyyar sinadaran jiki, ko injiniyancin sinadarai, kuma duk ana yin su a Jami'ar Bayero nan Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Idan aka ce in zaɓa mata, harhaɗa magunguna zan zaɓa, domin a nan ne za ta koyi yadda magani yake narkewa, da yadda yake tafiya a jini, da yadda jiki yake fitar da shi, wanda shi ne ƙashin bayan wannan bincike, sannan tana fitowa da lasisin sana'a a hannunta ko da ci gaba da karatun ya jinkirta. A JAMB za ta ɗauki Turanci da fizis da kemistiri da bayoloji, waɗanda su ne dai na likitanci. In kuwa injiniyanci ta nufa, lissafi ne zai maye gurbin bayoloji. Burin Alhaji ma bai ci karo da nata ba, tunda babu sabon maganin da yake isa ga marar lafiya sai ta hannun likitocin da suke gwada shi a asibiti, amma a lura da abin da zuciyarta ta fi karkata gare shi, ko zama da marar lafiya ko zama a ɗakin gwaje-gwaje, domin rayuwa ce iri biyu.

Ku kuma yi lissafin shekaru tun yau. Digirin harhaɗa magunguna a sabon tsari shekara 6 ne, sai shekara guda ta sanin makamar aiki, sai ta hidimar ƙasa, sai wajen shekara 2 a digiri na biyu, sai 3 ko 4 a na uku, jimla shekara 13 zuwa 14, ban da abin da yajin aiki kan ci. Aure da haihuwa za su faɗo a tsakiyar wannan tafiya in Allah ya so, kuma na ga mata da dama da suka haɗa biyun suka kai gaci, amma duk wadda na sani a cikinsu an yi maganar karatun ƙarara da mijin tun kafin a sa rana, kuma akwai uwa ko 'yar'uwa a bayanta da take riƙe mata yara lokacin jarrabawa. Akwai kuma tallafin da aka keɓe wa mata, irin na Gidauniyar Schlumberger da ke ɗaukar nauyin matan ƙasashe masu tasowa su yi digiri na uku a waje da niyyar su dawo gida su koyar.

Aikin yi kuwa akwai shi, amma ba zan ce miki yana da yawa ba. Mafi yawan masu wannan ilimi a ƙasar nan a jami'o'i suke, wasu a Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Idu a Abuja, wasu a NAFDAC wadda take tantance magunguna da na'urorin asibiti kafin su shiga kasuwa, wasu a kamfanonin magani da galibinsu suke Legas da Ogun. Zai yi wuya ta kammala ba ta ɗan fita waje na wasu shekaru ba, saboda tsadar kayan bincike, amma fita neman ilimi daban, ƙaura daban.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe a sashen kemistiri. Aikin binciken kammala digirina a kan haɗa ƙwayoyin azurfa na nano ne da ruwan ganyen zogale, kuma ruwan ya sauya launi zuwa ruwan ƙasa kamar yadda aka ce zai yi. Ina son in ci gaba a ƙasar waje. Wannan aiki ya isa ya sama min gurbi, kuma ina zan nemi tallafi? Daga wani ɗalibi, Kurna.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi jagora. Zan faɗa maka gaskiya domin ina son ka sami gurbin. Sauyin launi alama ce ta cewa wani abu ya faru a cikin kwalbar, amma ba shi ne binciken ba, kuma irin wannan aiki na zogale da darbejiya da lalle ɗalibai sun yi shi ba adadi a ƙasar nan da Indiya, yawancinsu kuma a nan suke tsayawa. Malamin da zai ɗauke ka zai tambaye ka girman ƙwayoyin nawa ne, shin girmansu ɗaya ne ko sun bambanta, suna dunƙulewa bayan mako guda ko suna nan a warwatse, in ka sake haɗawa gobe da ganyen wata bishiyar abu ɗaya za ka samu, kuma yawan da yake kashe ƙwayar cuta shin bai kashe ƙwayoyin jikin mutum ba. Amsa waɗannan yana bukatar na'urar auna haske, wadda akasarin sassan kemistiri suke da ita, da na'urar auna girman ƙwayoyi, da madubin lantarki mai ganin abin da madubin likita ba ya gani, kuma biyun ƙarshen nan ne suke sa ɗalibanmu aika samfuri wata jiha ko wata ƙasa su biya da kuɗin aljihunsu.

Abin da ke hannunka yanzu shi ne ka yi ɗan abin da za ka iya da tsafta. Ka maimaita kowane gwaji aƙalla sau uku, ka rubuta komai a littafi da kwanan wata har da wanda bai yi kyau ba, ka koyi lissafin ƙididdiga da manhaja irin R ko Python, waɗanda kyauta ne, kuma kada ka yarda ka biya wata mujallar bogi ta buga maka aiki cikin kwana uku, domin masu tantancewa sun san su, kuma sunanka suke zubarwa. Sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba shi ne yake buɗe yawancin ƙofofi. Akwai tallafin Commonwealth na Ingila, da DAAD na Jamus, da na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, da jami'ar KAUST ta Saudiyya wadda take ɗaukar nauyin ɗalibanta gaba ɗaya. Tarayyar Turai tana da digiri na biyu a ƙarƙashin shirin Erasmus Mundus a kan magungunan nano, wanda jami'o'i a Faransa da Italiya da Girka suka haɗu a kai. Kada kuma ka raina Afirka ta Kudu, domin Jami'ar Wits a Johannesburg tana da tsohuwar cibiya ta binciken hanyoyin isar da magani, kuma cututtukan da suke fama da su, irin tarin fuka da ƙanjamau, sun fi kusa da namu.

Idan za ka rubuta wa malami, ka karanta ayyukansa biyu ko uku tukuna, ka gaya masa matsalar da ta dame ka daga gida. Allurar Pfizer da farko sai a sanyin digiri 70 ƙasa da sifili ake ajiye ta, mu kuwa a nan Kano zafin Afrilu yana haura digiri 40 kuma wuta ba ta tsayawa, don haka wanda ya ce yana son ya gano yadda ƙwayar mai za ta jure zafi ya zo da tambaya mai nauyi. Haka sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita.

Abu na ƙarshe, kai ɗan Kano ne, ka san abin da ya faru a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Tabon wannan yana cikin abin da ya wahalar da rigakafin shan inna a nan shekaru bayan haka. Don haka darasin ƙa'idojin bincike a kan ɗan'adam, da neman izinin kwamitin ɗa'a kafin ka ɗebi ko ɗigon jini ɗaya, ka ɗauke su da nauyin da kake ɗaukar kemistiri.

TAMBAYA: Malam, sana'ata gyaran waya a kasuwar Farm Centre, shekarata tara a kai, kuma ina da difloma a fannin lantarki. Na yi jinyar ɗana a asibiti na ga na'urori a jingine an ce sun lalace. Mutum irina yana da wuri a wannan harka, ko sai mai digiri? Daga wani mai gyaran waya, Tarauni.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Kana da wuri, kuma a ganina bukatar irinka ta fi gaggawa a yau. Na taɓa shiga sito a wani asibiti da ba zan ambaci sunansa ba, na ƙirga kwalaben bakwaini huɗu a jere, ƙura ta lulluɓe su, an ɗora kwalayen takardu a kan ɗaya. Ma'aikacin da ya buɗe min ƙofar ya nuna min cewa biyu daga ciki abin da ya mutu bai wuce na'urar jin zafi da wani ɗan allon wuta da hawa da saukar lantarki ya ƙona ba, amma babu littafin gyara, babu kayan canji, kamfanin da ya ƙera su kuma yana wata nahiya. A ɗakin da ke maƙwabtaka ana haɗa jarirai biyu a kwalba ɗaya. Binciken da masana na Jami'ar Duke ta Amurka suka wallafa a 2011, bayan duba na'urori sama da 100,000 a ƙasashe masu tasowa, ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 ba sa aiki.

Waɗanda suka kawo sauyi a wannan fage daga irin wannan gani suka fara. Farfesa Hippolite Amadi ya shafe shekaru yana zagaya asibitocin Nijeriya yana farfaɗo da matattun kwalaben jarirai, daga baya ya ƙera na'urorin taimaka wa jarirai numfashi masu aiki da hasken rana, ya ci Lambar Kimiyya ta Nijeriya da kamfanin NLNG yake bayarwa a 2023. Virtue Oboro ta jihar Bayelsa ba injiniya ba ce, jaririnta ne ya kamu da shawara, wahalar da ta sha wajen samun fitilar magani ta sa ta nemi masana suka ƙera gadon haske mai amfani da sola da ake kira Crib A'Glow. A Malawi kuma ɗalibai da malaman Jami'ar Rice ta Amurka tare da likitocin wani babban asibiti a Blantyre sun haɗa na'urar numfashin jarirai mai suna Pumani, wadda samfurinta na farko da famfon iskar tankin kifi aka yi shi.

Hanyar karatu gare ka iri biyu ce. Akwai makarantun horar da masu kula da na'urorin asibiti a wasu asibitocin koyarwa, ciki har da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Legas, inda ake bayar da difloma, kuma wannan ce ta fi kusa da kai. Akwai kuma digirin injiniyancin na'urorin lafiya na shekara 5 a jami'o'i irin na Ilorin da Legas, ga wanda yake son ya kai ga ƙira da bincike. Gwamnatin tarayya ta sa hannu a wata doka a 2024 da ta ɗauke haraji a kan injuna da kayan haɗa magunguna da na'urorin lafiya, kuma idan masana'antun suka ƙaru, masu hannu irin naka za su nema.

Amma ina roƙonka kada ka fara buɗe na'urar asibiti kafin ka sami horo, domin waya in ta kawo haske ta yi kira an gama, na'urar asibiti kuwa tana iya kunnuwa alhali ƙarya take yi. Ɗauki injin tace iskar oksijin. Yana zuƙar iskar ɗaki, wadda oksijin ɗinta kashi 21 ne cikin 100, ya bi da ita ta cikin wasu bututu biyu masu cike da wani gari da ke riƙe sauran iskar, ya fitar da oksijin kashi 90 ko fiye. Ƙurar hunturu tana toshe matatarsa, laimar damina tana kashe garin, sai ka ga injin yana ƙugi, ruwan kwalbarsa yana ɓulɓula, uwa ta sami natsuwa, alhali abin da yake shiga hancin yaron bai fi iskar ɗaki da yawa ba. Ba a gane haka da ido ko da kunne, sai da ɗan ma'aunin oksijin da ake riƙewa a hannu. Kafin lokacin ɗaukar ɗalibai ya zo, ka je sashen kula da na'urori na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Asibitin Ƙashi na Dala da takardar diflomarka, ka nemi izinin zama tare da ma'aikatan ko da yini biyu ne a mako, ka kuma roƙe su su fara koya maka yadda ake amfani da wannan ma'auni.